Yadda ake zama babban kocin ƙwallon Amurka a kwalejin shekara biyu, da yadda ake riƙe kujerar

A jihar Misisipi ta Amurka akwai wani ɗan ƙaramin gari mai suna Scooba, wanda mazaunansa ba su kai dubu ɗaya ba, amma kwalejin da ke cikinsa, East Mississippi, ta ɗauki kofin ƙasa na ƙwallon ƙafa irin ta Amurka har sau biyar a hannun koci ɗaya, Buddy Stephens, a shekarun 2011, 2013, 2014, 2017 da 2018. Yaran da suka ciyo masa kofin 2011 sun yi gaba tun kafin a zo na 2014, waɗanda suka ciyo na 2014 kuma sun daɗe da barin garin lokacin da aka ɗaga na 2017. Kaka biyu kacal doka ta ba ɗan wasa a irin wannan kwaleji, kuma wanda ya yi fice sau da yawa ba ya cika biyun yake tafiya. Saboda haka duk wanda ya karɓi wannan aiki ya san cewa zango aka ba shi ya riƙe, inda matafiya ke sauka, su huta, su gyara kaya, su wuce. Da yawan kofuna ake yaba masa a jarida, amma da yawan yaran da ya sallama zuwa jami'a ɗauke da takardar shaida ake auna shi a wurin iyaye da manyan kociya, kuma waɗannan ne ke turo masa 'yan wasan baɗi.

Wasan da ake magana a kai shi ne wanda ake yi da ƙwallo mai siffar ƙwai, mutum goma sha ɗaya a kowane ɓangare, sanye da hular kwano da matashin kafaɗa, inda ake ba masu kai hari dama huɗu su ci yadi goma na fili. Kwalejin kuma ita ce ta al'umma, mai ba da shaidar karatun shekara biyu, wadda ɗalibi kan ɗora a kanta ya ƙarasa digiri a jami'a.

Da farko, ka san ƙasar da za ka nemi aiki a cikinta

Kuskuren da sabon shiga ya fi yi shi ne ɗaukar waɗannan kwalejoji a matsayin abu guda. Hukumomi biyu ne ke tafiyar da wasan. Ta farko ita ce NJCAA, hukumar wasannin kwalejojin shekara biyu ta ƙasa, wadda aka kafa a 1938, hedikwatarta a yanzu tana birnin Charlotte, kuma ita ce ke kula da kwalejojin jihohi irin su Kansas, Misisipi, Tekzas da Ayowa. Tun daga 2021 ta raba ƙwallon gida biyu, rukuni na ɗaya inda ake biya wa ɗan wasa kuɗin makaranta, da rukuni na uku inda ba a biya, sannan a rukuni na ɗaya ƙungiyoyi huɗu ne ke fafatawar ƙarshe a watan Disamba. Ta biyu ita ce hukumar jihar Kalifoniya, mai cin gashin kanta, wadda kwalejojinta fiye da sittin ke buga wasan, suna da kofinsu na jiha, kuma ba a ba kowa tallafin karatu saboda wasa a cikinsu.

Wannan bambanci shi ke tsara rayuwar koci gaba ɗaya. A Kansas ko Misisipi za ka tarar da kwaleji a ƙaramin gari, da ɗakunan kwanan ɗalibai, da ɗakin cin abinci, yaranka suna gabanka dare da rana, kuma duk rigimar da suka tayar da tsakar dare wayarka za a kira. A Kalifoniya yawancin kwalejoji ba su da ɗakin kwana, saboda haka yaro zai zo atisaye daga nesa cikin bas ko jirgin ƙasa, wani ya fito daga aikin dare, wani kuma bai karya ba. Ɗan jihar yana biyan dala 46 a kan kowane kiredit, wato ma'aunin nauyin darasi, kuɗin da bai taka kara ya karya ba a ma'aunin Amurka, amma kuɗin haya a garuruwa irin su Oakland ya isa ya kori yaro daga makaranta. Akwai kuma dokokin yanki: Misisipi ta daɗe tana iyakance yawan 'yan wasan da koci zai kawo daga wajen jiha, Kansas ma ta yi haka shekara da shekaru kafin ta sassauta. Ka karanta kundin dokokin hukumar da na gasar yankin tun daga bango zuwa bango kafin ka rubuta takardar neman aiki ko ɗaya.

Takardun karatu

A nan maganar gajera ce. Digiri na farko shi ne mafi ƙarancin abin da yawancin kwalejoji ke nema, kuma digiri na biyu a fannin ilimin motsa jiki ko gudanar da harkokin wasanni shi ke buɗe ƙofar aiki na dindindin. A Kalifoniya ƙa'ida ta yarda a ɗauki mutum horarwa kawai idan yana da digiri na farko da shekara biyu ta gogewa, ko shaidar shekara biyu da gogewar shekara shida, amma wanda zai zama cikakken malami mai koyar da darasin motsa jiki sai da digiri na biyu, kuma da yawa daga manyan kociyan jihar malamai ne da ke shiga aji da safe su fita fili da rana. Wannan matsayi na malami ya fi kowace kwantiragi kariya, domin kakar da aka sha kashi ba ta raba mutum da ajinsa. Ka haɗa da shaidar agajin gaggawa, ta farfaɗo da numfashi da amfani da na'urar tayar da zuciya. Wanda ba ɗan ƙasa ba kuma dole ya fara warware batun izinin aiki, domin takardar izinin karatu ba ta ba mutum damar karɓar aiki yadda ya ga dama, kuma ƙaramar kwaleji ba kasafai take ɗaukar ɗawainiyar nema wa mataimakin koci izini ba.

Shiga ta ƙasa

Babu wanda ke fara wannan sana'a daga sama. Hanyoyin shiga uku ne suka fi shahara: aikin sa-kai ko na ɗan alawus a wata kwaleji, horarwa a makarantar sakandare, ko zama mataimaki mai karatun digiri na biyu a jami'a, inda ake biya wa mutum kuɗin makaranta shi kuma ya yi ta yanka bidiyo da shirya takardun atisaye har tsakar dare. A kwalejojin da ke da ɗakunan kwana, ƙaramin mataimaki sau da yawa ɗaki da abinci da ɗan abin sayen sabulu ne ladansa, kuma shi ne mai gadin ɗakin kwanan yaran. Rayuwa ce ta hannu baka hannu ƙwarya, wadda ta fi sauƙi ga wanda bai ajiye iyali ba tukuna.

Daga nan sai a ba ka rukuni ɗaya na 'yan wasa, misali ƙartin da ke kare mai jefa ƙwallo, ko masu ruga wa da ita, ko masu tsaron baya. Shawarata ita ce kada ka dawwama a rukunin da ka buga lokacin da kake ɗan wasa. Wanda ya horar da ɓangaren hari da na tsaro duka biyu, ya kuma taɓa riƙe rukunin bugun ƙwallo da ƙafa wanda kowa ke gudu, shi ne zai iya gane lokacin da mataimakinsa ke yi masa rufa-rufa idan ya zama babba. Mataki na gaba shi ne jagorancin ɓangare guda, hari ko tsaro, inda kai ne mai zana dabaru da kiran su ranar wasa. Daga wannan kujera aka fi ɗauko manyan kociya.

Tarihin mutanen da suka bi hanyar ya nuna cewa tsawonta ba ɗaya ba ne. Marigayi John Madden ya shiga Kwalejin Allan Hancock da ke Santa Maria a matsayin mataimaki a 1960, ya zama babban koci a 1962, wato cikin shekara biyu. Marigayi John Beam kuwa ya shafe fiye da shekara ashirin a makarantar sakandare ta Skyline da ke Oakland, sannan a 2004 ya sauko daga matsayin babban koci ya koma Kwalejin Laney yana horar da masu ruga wa da ƙwallo kawai, a 2005 aka ba shi ɓangaren hari, bai zama babban koci ba sai a 2012, kuma ya ɗauki kofin jiha a 2018. Buddy Stephens ma ya yi shekaru yana mataimaki a Kwalejin Pearl River kafin ya fara horar da ƙungiyar Scooba a kakar 2008. Abin da ya haɗa Beam da Stephens shi ne sanin yanki: sun san makarantun sakandare, sun san kociyansu, sun san unguwannin da yaran ke fitowa.

Saboda haka a waɗannan shekaru ka ɗauki sanin mutane a matsayin rabin aikin. Ƙungiyar kociyan ƙwallon Amurka, AFCA, tana taronta na shekara a watan Janairu, kuma a farfajiyar otal ɗin taron ake ƙulla ayyuka da yawa tun kafin a tallata su. Sai dai mutumin da zai tsaya maka ranar da ake neman shaida a kanka shi ne kocin sakandaren da ka ɗauki yaronsa ka cika alkawarin da ka yi masa, ba wanda kuka gaisa sau ɗaya a taro ba.

Neman kujerar

Kwalejojin nan na gwamnati ne, saboda haka ana tallata aikin a fili, kwamiti ya tace, a yi ganawa da daraktan wasanni, wani lokaci da shugaban kwalejin. Mafi yawan guraben suna buɗewa ne daga ƙarshen Nuwamba zuwa Janairu. Ka je da kundi a rubuce mai ɗauke da tsarin kwana ɗari na farko, da jerin makarantun da za ka nemo yara, da tsarin sa ido kan karatu, da ka'idojin ladabtarwa, da sunayen mataimakan da suka amince za su bi ka. A kwamitin akwai malaman aji da ma'aikatan rajista waɗanda dabarun fili ba su dame su ba. Abin da suke son ji shi ne ko yaranka za su riƙa shiga aji, da kuma abin da za ka yi ranar da tauraronka ya zagi malama.

Kai ma ka yi tambaya, kuma ka yi ta gaba gaɗi. Mataimaka nawa ne masu cikakken albashi? Akwai jami'in kula da lafiyar 'yan wasa da zai kasance a kowane atisaye, ko raba shi ake yi da sauran wasanni? Wa ke biyan inshorar rauni? Guraben tallafin karatu nawa ne kasafin kuɗi ya ɗauka a zahiri, ba wanda doka ta halatta ba? Tambaya mafi nauyi kuma ita ce ko hukumar gudanarwar kwalejin tana son wasan har zuciya. Ƙwallon Amurka ya fi kowane wasa cin kuɗi a kwaleji, ga kayan kariya, ga motocin tafiya, ga inshora, sannan ga dokar daidaita damar maza da mata ta 1972 wadda ke sa a duba abin da ake kashewa a kan yara maza masu yawa haka. Bayan kakar 2018 kwalejoji huɗu na gundumar Maricopa, wato Phoenix, Mesa, Glendale da Scottsdale, suka rufe ƙungiyoyinsu, sauran kwalejojin Arizona masu buga wasan suka bi sahu, kociya suka wayi gari babu aiki ba tare da sun yi laifin komai ba. Kwalejin Fort Scott ta Kansas ma ta rufe tata a 2021.

Nemo 'yan wasa

Ranar da aka ba ka aiki, kusan rabin 'yan wasanka na kan hanyar fita, saboda haka da zafi-zafi za ka fara neman madadinsu. Iri uku ne na yara ke zuwa kwalejin shekara biyu, kuma kowane iri da yadda ake tafiyar da shi.

Akwai wanda jami'o'i ke so amma makinsa na sakandare bai kai ba. Wannan yana da baiwa, matsalarsa aji ce, kuma sau da yawa kocin jami'ar ne da kansa zai turo maka shi da fatan ka dawo masa da shi bayan shekara biyu. Akwai wanda ya riga ya shiga babbar jami'a ya fito, ko don bai samu damar bugawa ba, ko don wata matsala ta hali ko ta karatu. Cam Newton ya bar Jami'ar Florida ya sauka a Kwalejin Blinn da ke Brenham a Tekzas, ya ciyo mata kofin ƙasa a 2009, ya wuce Jami'ar Auburn ya zama gwarzon ɗan wasan jami'o'i a 2010, aka kuma ɗauke shi na farko a zaɓen sababbin 'yan wasa na NFL, gasar ƙwararru ta ƙasar, na 2011. Irin wannan yaro yana iya sauya maka kaka guda, yana kuma iya wargaza maka ɗakin sauya kaya idan yana ganin ya fi ƙarfin wurin, saboda haka kafin ka karɓe shi ka kira wanda ya horar da shi a baya, ka kira mai kula da kayan wasa na can ma, domin shi ne ya san yadda yaron ke mu'amala da wanda ba zai amfane shi da komai ba. Na uku shi ne wanda ido bai kai kansa ba, ko don ƙanƙantar jiki ko don ƙauyen da ya fito. Aaron Rodgers ya buga wa Kwalejin Butte a 2002 saboda manyan jami'o'i ba su kula shi ba, Josh Allen kuma ya yi kakar 2014 a Kwalejin Reedley kafin Jami'ar Wyoming ta ɗauke shi. A ganina wannan iri na uku shi ne ginshiƙin ƙungiya mai ɗorewa, domin ya zo da yunwar nuna kansa, kuma takardunsa lafiya lau suke.

A aikace, neman yaro yana farawa da kallon bidiyonsa a Hudl, shafin intanet da ake ɗora bidiyon wasanni, amma kada ka tsaya a kan faifan da aka tsinto masa wuraren da ya yi bajinta. Ka nemi wasa cikakke, musamman wanda aka lallasa su, ka ga abin da yake yi lokacin da ƙwallo ba ta wajensa. Daga nan ka karɓi takardar sakamakonsa ta sakandare tun kafin ka yi masa alkawarin komai. Sannan ka zauna da iyayensa, sau da yawa uwa ko kaka, ka faɗa musu gaskiyar abin da tallafin ya ƙunsa da abin da bai ƙunsa ba, da lambobi a takarda. Ka taimaka su cike fom ɗin FAFSA, wanda ta hanyarsa ɗalibi ɗan ƙasa mai ƙaramin ƙarfi ke samun tallafin Pell na gwamnatin tarayya, wanda mafi yawansa ya kai dala 7,395 a shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025. Koci da yawa sun rasa ɗan wasa a watan Satumba saboda fom ɗin da ba a ƙarasa ba tun watan Mayu.

Aji, inda gizo ke saƙa

Ƙa'idoji iri biyu ne a kan kowane yaro a lokaci guda, kuma wanda ya kiyaye ɗaya ya manta ɗayar ya cuci yaron. Na farko su ne na buga maka wasa: dole ya yi rajistar kiredit 12 aƙalla a zangon karatu, kuma kafin ya buga kaka ta biyu dole ya ci kiredit 24 da matsakaicin maki 2.0 bisa ma'aunin 4.0. Na biyu su ne na hukumar jami'o'i, NCAA, waɗanda suka fi tsauri. Yaron da bai cika sharuɗɗan karatu ba tun daga sakandare, idan yana son rukuni na ɗaya na jami'o'i, an shimfiɗa masa cewa sai ya kammala kwalejin ya karɓi shaida, da kiredit 48 da jami'ar za ta amince da su, ciki har da Turanci da lissafi da kimiyya, kuma a 2012 aka ɗaga makin da ake nema zuwa 2.5. Wanda ya cika sharuɗɗan tun daga sakandare yana iya tafiya da wuri, abin da ya ba Rodgers damar wucewa Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley bayan shekara ɗaya. Waɗannan ƙa'idoji ana taɓa su akai-akai, saboda haka kowane watan Agusta ka zauna da jami'in tantancewa na kwalejin ku duba na shekarar.

Tarkon da ke nan shi ne darussa masu sauƙi. Za ka iya cika wa yaro jadawali da darussan motsa jiki ya samu maki ya buga maka kaka biyu, amma ranar tafiya jami'a ta ce ba ta san da rabinsu ba. Lissafi shi ne ƙashin da ya fi tsaya wa yara a maƙogwaro, saboda haka a sa shi a zangon farko ko na biyu, inda in an faɗi akwai sauran lokacin maimaitawa. Ka kuma tuna cewa a rukuni na ɗaya na jami'o'i agogon shekara biyar, wato wa'adin da ɗan wasa ke da shi na buga wasa, yana fara bugawa ne daga ranar da yaro ya fara cikakken karatu a kowace kwaleji, ciki har da taka.

Tsarin da ke aiki ba shi da wani sirri. A raba yaran ga mataimaka, kowane mataimaki ya riƙa leƙa aji da idonsa, a sa su zauna a layukan gaba, a ware sa'o'in nazari na dole da yamma, a karɓi rahoton maki daga malamai duk bayan mako biyu ko uku. Wanda ya ƙi shiga aji ya zauna a benci ranar Asabar ko da shi ne mai jefa ƙwallo, kuma sau ɗaya kawai za ka yi wa tauraro haka sauran su gane. Mai ba ɗalibai shawara kan karatu ka ɗauke ta a matsayin babbar mataimakiyarka, kada kuma ka taɓa kiran malami ka roƙi a ƙara wa yaro maki.

Ran yaran da ke hannunka

A ranar 1 ga Agustan 2018 wani ɗan wasa mai shekara 19, wanda ya iso Kwalejin Garden City ta Kansas daga jihar New Jersey 'yan kwanaki kafin nan, ya rasa ransa sakamakon bugun zafi bayan gudun motsa jiki a ranar farko ta atisaye. An same shi a yashe kusa da ɗakin kwana, kuma binciken masu zaman kansu da ya fito a 2019 ya ɗora laifin a kan gazawar shugabanci da rashin shirin gaggawa. Bugun zafi yana faruwa ne idan zafin cikin jiki ya haura digiri 40, kuma maganinsa sananne ne: a tsoma mutum cikin ruwan ƙanƙara nan take, a sauko da zafin cikin rabin sa'a, sannan a kai shi asibiti. Ke nan bahon ruwa da ƙanƙara a gefen fili wajibi ne a duk atisayen watan Agusta, haka kuma ƙara nauyin atisaye da kayan kariya sannu a hankali cikin kwanakin farko, musamman ga ƙartin da suka fi kowa nauyi. Yaron da ya fara tangaɗi ko sambatu ba ragwanci yake yi ba, kuma ba a barin sa ya koma ɗaki shi kaɗai.

Akwai kuma batun da mai karatu ya sani sarai, wato jinin AS. Mai ɗauke da shi ba ya ciwon sikila, amma gudu mai tsanani ba hutawa, cikin zafi ko a wuri mai tsauni, yana iya sa ya faɗi farat ɗaya, kuma tun 2010 NCAA ta fara tilasta tantance wannan a rukuninta na ɗaya. Ka san matsayin kowane yaro kafin ranar farko. Wanda ya bugu a kai kuwa, jami'in lafiya ne mai cewa ya koma fili, kuma koci nagari yana sanar da haka a gaban kowa tun farkon kaka don ya ɗaure hannun kansa.

Dabarun fili

Kaka tana farawa a ƙarshen Agusta ta ƙare a Nuwamba, wasanni tara zuwa goma sha ɗaya, sai atisayen bazara da ɗaga ƙarfe a sauran watanni. Da yake makonni kaɗan ne tsakanin isowar sababbin yara da wasan farko, kundin dabaru mai kauri ba ya amfani a nan. Zaɓi dabaru kaɗan da yaro zai haddace cikin mako biyu ya yi su da sauri ba tare da tunani ba, ka kuma daidaita su da yaran da ka samu a bana.

Sallamar su

Daga tsakiyar kaka kociyan jami'o'i za su fara zuwa atisaye. Ka tanadi takarda guda a kan kowane mai shirin tafiya, mai ɗauke da tsawo da nauyi na gaskiya, da maki, da watan da zai kammala, domin wanda zai gama a Disamba ya fi daraja tunda zai riski atisayen bazara a jami'a. Kada ka ƙara wa yaro ko inci ɗaya, kada kuma ka ɓoye halinsa, saboda kocin da ka yaudara sau ɗaya ba zai sake ɗaga wayarka ba. Ka kuma riƙa nuna musu waɗanda ba su zo nema ba: kocin Berkeley, Jeff Tedford, wani ɗan wasan daban yake dubawa a bidiyon Butte lokacin da idonsa ya faɗa kan Rodgers.

Kasuwar ta yi tsauri a 'yan shekarun nan. Tun da aka buɗe rumbun sauya sheƙa na NCAA a 2018, inda mai son barin jami'arsa ke sa sunansa, aka kuma ba 'yan wasa damar sauya jami'a ba tare da zaman jiran shekara ba a 2021, manyan jami'o'i sun koma cike gurbi da 'yan wasan juna, wuraren da a da yaranka ke samu. A ɗaya hannun, a Disamban 2024 wata kotun tarayya a Tennessee ta ba Diego Pavia, wanda ya ciyo wa kwalejin soja ta New Mexico kofin 2021 kafin ya kai Jami'ar Vanderbilt, damar buga ƙarin kaka bisa hujjar cewa bai kamata a lissafa masa shekarun kwaleji ba, NCAA kuma ta ba masu irin matsayinsa sassaucin shekara ɗaya. Abin da wannan ke nufi gare ka shi ne ka faɗaɗa hulɗa zuwa rukuni na biyu da na uku na NCAA da ƙananan jami'o'in da ke ƙarƙashin wata hukumar, NAIA, inda mafi yawan yaranka za su ƙarasa digiri.

Abin da ke kayar da koci, da inda hanya ke bi daga nan

Ba kasafai yawan shan kashi kaɗai ke korar koci a wannan mataki ba. Harshe da hali sun fi saurin yi. Jason Brown ya ɗaga Kwalejin Independence ta Kansas har ta ci gasar yankinta a 2017, amma a Fabrairun 2019 ya ajiye aiki bayan an fallasa wani saƙon waya da ya aika wa ɗan wasansa ɗan Jamus yana kamanta kansa da Hitila. Ƙungiyar Scooba kanta, tana riƙe da kofuna biyu a jere, an hana ta shiga zagayen ƙarshe a 2015 saboda dambe da ya ɓarke a wasanta da Kwalejin Mississippi Delta. Duk saƙon da za ka tura wa yaro, ka rubuta shi kamar shugaban kwalejin zai karanta.

Wanda ya tsallake waɗannan yana da zaɓi biyu. Madden ya bar Hancock bayan kakar 1963 ya koma mataimaki a Jami'ar San Diego State, ya shiga ƙungiyar Oakland Raiders ta NFL a 1967, ya zama babban kocinsu a 1969 yana da shekara 32. Dick Vermeil ya riƙe Kwalejin Napa a 1964, ya wuce Jami'ar Stanford, ya ƙare da ɗaukar kofin NFL tare da ƙungiyar Rams a Janairun 2000. Ka lura cewa dukansu biyu sun sauka daga kujerar babban koci zuwa ta mataimaki kafin su hau, kuma har gobe haka hanyar take ga mafi yawan masu barin kwaleji zuwa jami'a. Wasu kuma sun zauna. Troy Morrell ya riƙe Kwalejin Butler daga 2000 zuwa 2014, ya ci wasa 154 aka ci shi 22, da kofunan ƙasa uku. Scott Strohmeier shi ya kafa ƙungiyar Kwalejin Iowa Western daga tushe, ta buga kakarta ta farko a 2009, ta ɗauki kofi a 2012, ta sake ɗauka a 2022 da 2023. Ko wanne ka zaɓa, tun daga shekararka ta farko ka buɗe littafi ka riƙa rubuta sunan kowane yaro da ya shigo, da ranar da ya karɓi shaida, da jami'ar da ya tafi, da ko ya ƙarasa digirin a can, domin wannan littafi za ka ajiye a gaban kwamiti na gaba, shi kuma za ka buɗe wa uwar yaron da kake nema a watan Janairu.